Sassaben Zamani: Yadda Inuwa Ta Dawo Ƙasar Maraɗi

A shekarar 1983 wani Bature ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya loda dashen itatuwa a mota, ya nufi ƙauyukan jihar Maraɗi. Masanin noma ne, ya zo Nijar a 1981 yana aiki da ƙungiyar mishan ta SIM. Tun zuwansa yake rainon itatuwa yana dasawa, amma wahalar banza yake sha. Abin da rana ba ta ƙona ba akuya ta cinye, abin da akuya ta bari gara ta ƙarasa, ko rairayi ya binne.

Ran nan yana cikin tafiya sai ya iso wurin da yashi ya yi yawa, ya tsaya don ya rage iskar tayoyi kada motar ta kafe. Ya duba gabas da yamma, kudu da arewa, ba abin da yake gani sai fili fetal. Gwiwarsa ta yi sanyi, ya roƙi Allah ya nuna masa mafita. Can idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro a gefen hanya, irin wanda ya sha wucewa yana ɗaukarsa ciyawar daji. Wannan karon sai ya taka da ƙafa ya je ya duba. Da ganin ganyen ya gane cewa itace ne sosai, wanda aka sare tun da daɗewa, kututturen na nan da rai a ƙasa, saiwoyinsa sun nutsa inda danshi yake, yana ta ƙoƙarin tohowa. Kuma irinsa ba su ƙirguwa a gonakin da ke kewaye da shi. Ashe dajin bai mutu ba, hana shi tashi ake yi kowace shekara.

A lokacin, manomin kirki shi ne wanda gonarsa take fes. Da bazara ta kama sai a shiga sassabe, a sare duk wani toho na sabara, kalgo ko geza, a tara a cinna wuta. Ga kuma doka da aka gada daga Turawan Faransa, wadda ta mai da itatuwa kayan gwamnati. Mutum na iya shan tara a hannun ma'aikatan gandun daji don ya sassare itacen da ke tsakiyar gonarsa. To, wa zai raini abin da ba nasa ba? Sakamakon kuwa kowa ya ɗanɗana shi. Iska ta riƙa binne shuka, a sake shukawa sau biyu ko uku a damina guda. Mata na doguwar tafiya neman itacen girki, in sun rasa su hura wuta da karan gero da kashin shanu, abin da ya kamata ya zama takin gona.

Dabarar da Rinaudo ya kawo ba ta bukatar kuɗi, sai wuƙa mai kaifi ko ɗan gatari. Ka durƙusa gaban kututturen kalgo, mai ganyen nan da ke rabe biyu kamar kofaton raƙumi. Za ka ga toho goma ko fiye suna gasar ruwa da abinci. Ka zaɓi miƙaƙƙu masu ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar, ka yanke sauran, ka rage rassan ƙasa, ka kare su daga dabbobi da wuta. Da yake saiwar tsohuwa ce, cikin shekaru kaɗan sun wuce tsayin mutum. Wannan shi ne sassaben zamani.

Da farko manoma ƙalilan ne suka yarda su gwada, mutane na yi musu dariya, Rinaudo kuma ana ce masa mahaukacin Bature. Wasu ma cikin dare ake bi a sace musu 'yan itatuwan. Sai ga yunwar 1984, wadda mutanen yankin ke kira El Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya da gwamnatin Buhari ta yi. A wannan shekara ce gwamnatin Seyni Kunce ta kira babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada a birnin Maraɗi. Rinaudo da abokan aikinsa suka riƙa raba abinci a ƙauyuka wajen 100, da sharaɗin kowa ya bar itatuwa a gonarsa. Aka raya kusan itatuwa 500,000. Da yunwa ta wuce, rabon abinci ya tsaya, sai aka sare kusan kashi biyu cikin uku.

Wani zai ce aiki ya lalace, amma waɗanda suka bar nasu su suka ci riba. Geronsu bai ragu ba, iska ta daina binne shuka, ga itacen girki a kusa, ga ganye da 'ya'yan itace na dabbobi, ga sanduna na sayarwa ranar kasuwa. Gani ya kori ji. Maƙwabci ya koya wurin maƙwabci, ƙauye ya koya wurin ƙauye, ba mota ba albashi. A wasu sassan Damagaram ma manoma da kansu suka farfaɗo da abin da kakanninsu suka sani, musamman rainon gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya yi kore da rani. Hukuma ta sassauta, dokar daji ta 2004 ta ƙara wa manomi iko a kan itacen gonarsa.

Shekaru ashirin abin na yaɗuwa duniya ba ta sani ba, sai da masana irin su Chris Reij, Gray Tappan da ɗan Nijar Mahamane Larwanou suka gwada hotunan sama na 1975 da na bayan 2000. Lissafinsu ya nuna hekta miliyan 5 sun farfaɗo, da itatuwa kusan miliyan 200, galibi a Maraɗi da Damagaram. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso.

Mai son ya ga ƙasar nan da idonsa, ya fita daga Maraɗi ya yi kudu zuwa Madarumfa, tafiyar kilomita 25 ko kusa da haka, kuma ya yi a ƙarshen damina. Ya sauka ya bi hanyar gona da ƙafa, ya lura da ƙananan itatuwan da ke tsaye cikin gero, da tabon wuƙa a jikinsu. Daga nan ya gangara tafkin Madarumfa, wanda Gulbin Gabi ke cikawa, faɗinsa kan kai hekta 800 in ruwa ya yi yawa. Ga masunta cikin kwale-kwale suna fito da tarwaɗa, ga balbelu a bakin ruwa, ga tsofaffin kukoki. A kewayen tafkin ne kaburburan waliyyai 99 suke, inda masu ziyara ke zuwa har daga Najeriya. Tun 2006 tafkin da gandun dajin Madarumfa da kaburburan suke cikin jerin wuraren da Nijar ta miƙa wa UNESCO, a 2019 kuma tafkin ya shiga yarjejeniyar Ramsar mai kare dausayi.

Sai dai kada ya zarce dajin Baban Rafi da ke can kudu wajen iyaka ba da shawarar 'yan gari ba. Dajin da giwaye kan tsallako daga Najeriya su shiga a da, yau gatarin masu kai itace Maraɗi da faɗaɗa gonaki sun rage shi, 'yan bindiga masu satar mutane da shanu kuma sun sa shigarsa ta zama kasada. Abin da ciwo, kuma akwai darasi a ciki. Inda aka bar daji ba mai shi, yana ƙarewa. Inda talaka ya tabbata itacen nasa ne, ya raya miliyoyi ba tare da ya dasa ko ɗaya ba. In ana son Baban Rafi ya tashi, sai a dawo wa mutanen da ke kewaye da shi da zaman lafiya, a kuma ba su haƙƙin da zai sa su tsare shi kamar gonakinsu.