A Kafanchan aka yi renon Uche Okeke: Bin sawun ƙuruciyar gwanin zane

A gidan adana fasahar Afirka na Smithsonian da ke birnin Washington na Amurka akwai wani zane mai suna Ana Mmuo, wanda Uche Okeke ya yi a 1961. Masu zuwa kallo sun san mai zanen a matsayin ɗan ƙabilar Ibo daga Nimo ta Jihar Anambra, kuma ɗaya daga cikin iyayen zanen zamani a Najeriya. Abin da ba kasafai ake ambata ba shi ne, a Kafanchan ta Kudancin Kaduna ya yi wayo, a can kuma ya fara riƙe alli.

An haifi Okeke a 1933, ya rasu a 2016. Mai son bin sawun ƙuruciyarsa daga Abuja ba sai ya nemi hutun shekara ba. Ƙarshen mako ɗaya ya isa, ta hanyar Bwari zuwa Kagarko da Kwoi.

Zangon farko shi ne tashar jirgin ƙasa, domin ita ce ta haifi garin a siffarsa ta yau. A shekarun 1920 layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya iso ƙasar Fantswam, inda ya rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos. Mahaɗar ta janyo ma'aikatan reluwe da masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa daga ko'ina, Ibo da Yarabawa da Hausawa suka zauna kafaɗa da kafaɗa da 'yan ƙasa. Cikin waɗannan baƙi har da iyayen Okeke. Yaron ya tashi yana jin harshen Ibo a gida, Hausa a kasuwa, Turanci a aji.

Zango na biyu shi ne makarantar firamare ta St. Peter Claver ta ɗariƙar Katolika, wadda ya shiga a 1940 kafin ya tafi Onitsha da Orlu karatun sakandare. Sai dai darasin da ya fi tasiri a hannunsa daga gida ya fito. Mahaifiyarsa ta san uli, wato zanen layuka da matan Ibo ke yi a jiki da bangon ɗaki, kamar yadda matan Hausa ke da lalle da adon ɗaki. Wannan gadon uwa shi ne daga baya ya zama ginshiƙin salonsa.

Zango na uku, kuma mafi nauyi, shi ne gida mai lamba 30 a Titin Ibadan. A ƙarshen shekarun 1950, yana ɗalibi, Okeke ya buɗe wata cibiyar al'adu a nan, inda ya riƙa tara zane-zane da littattafai da kayan tarihi. Ita ce ta girma ta zama Cibiyar Asele da ke Nimo a yau. Ke nan ɗaya daga cikin tsofaffin taskokin fasahar zamani a ƙasar nan a wani lungun Kafanchan aka sa mata tubalin farko.

Daga nan labarin ya wuce Zariya. A Kwalejin Fasaha da Kimiyya, wadda ta koma Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, Okeke da abokansa irin su Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar ɗaliban zane a 1958. Ra'ayinsu shi ne a koyi dabarar Bature, amma a zana da idon gida. Ba abin mamaki ba ne irin wannan tunani ya fito daga wanda ya girma a mahaɗar hanyoyi.

A birnin Malaga na Sifaniya, gidan da aka haifi Pablo Picasso a 1881 ya zama gidan tarihi, ko da yake shekara goma kacal ya yi a garin. Kafanchan tana da irin wannan dama, ga kuma ƙauyen Nok mai shahararrun gumakan yumɓu a kusa, ga rafin Matsirga da duwatsun Kagoro.

Tun rikicin 1987 sunan garin ya fi fitowa a labaran tashin hankali. Tarihin Okeke yana tuna wa jama'a cewa gari ne da ya karɓi baƙo har ɗansa ya zama abin alfaharin ƙasa. Tantance waɗannan wurare da kafa musu allunan bayani aiki ne da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da Hukumar Adana Zane-zane ta Ƙasa za su iya yi tare da gwamnatin Kaduna ba da kuɗi mai yawa ba. Abin da ba ya jira shi ne dattawan da za su iya nuna ƙofa su ce, nan ne. Kullum raguwa suke yi.