Gasara da Ƙwayar Magani Mai Saurin Narkewa



Duk wanda ya taɓa ganin uwa a ƙauyukan Gagarawa ko Sule Tankarkar tana murƙushe ƙwaya a cokali, jaririnta yana tofarwa, ya san cewa samun magani daban, shigarsa ciki daban. Maganin ruwa kuwa, da zarar an haɗa shi, kwanakinsa ƙidayayyu ne, balle da bazara inda babu firji.

Saboda haka ne masana suka ƙago ƙwayar da ke narkewa a ɗan ruwa ko nonon uwa. Ƙa'idarta ita ce ta watse cikin minti 3, alhali ƙwayar da muka saba da ita akan ba ta minti 15. A 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara masu ciwon huhu amoxicillin irin wannan.

To, me ke fasa ƙwayar? Ɗaya daga cikin abubuwan shi ne sitaci, watau abin nan da matanmu ke tacewa daga gero, su kira shi gasara. Ita ƙwaya gari ce da inji ya danne. In an cuɗa sitaci a ciki, sai ya zuƙo ruwa, ya kumbura, ya tsaga ta daga ciki, kamar yadda damina ke yi wa katangar ƙasa. Ɗanyen sitaci kumburinsa kaɗan ne, shi ya sa akan zuba har kashi 10 cikin 100. Amma in an sarrafa sitacin dankalin Turawa da sinadari, kumburinsa yakan ninka ƙwarai, kashi 2 zuwa 8 ya wadatar.

Masana harhaɗa magunguna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun jarraba sitacin gero da dawa da rogo da acca, suka tarar wasunsu suna iya gogayya da na masara da masana'antu ke amfani da shi. Abin takaici, Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman rogo, amma yawancin sitacin magani daga waje muke sayowa.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu: gasarar koko ba ta magani ba ce. Dole a tsarkake ta, a busar, ingancinta ya zama bai ɗaya, hukumar NAFDAC ta amince. Tsakanin buhun geron kasuwar Maigatari da cokalin uwar nan akwai aiki ja, kuma ku ne masu yinsa.

Wassalam.