Garanti Ya Ƙare, An Ce Ka Kawo Tsohuwa Ka Yi Ciko: Tsaya Ka Yi Tambaya

Manomin albasa a Aliero, ɗan kasuwar Jega, ɗan kabu-kabu a Maiyama ko Kuberi, kowa yau da waya a aljihu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma, masu noman rani da dama sun koma injin ban ruwa mai aiki da sola. Sababbin kaya irin waɗannan kan zo da garanti, na waya yawanci shekara ɗaya. Abin haushin shi ne, sau da yawa sai wa'adin ya cika sannan kayan su fara ba da matsala.

A nan ne ake kawo wa mutum tayi: ka ba da wadda ta lalace, ka yi ciko, a ba ka wata. Tsarin ba yaudara ba ne a asalinsa. Kamfanin Garmin na Amurka, mai ƙera na'urar Edge da masu tseren keke ke ɗaurawa don nuna hanya da auna gudu, yana yi wa abokan cinikinsa haka idan garanti ya ƙare. Sai dai abin da ake bayarwa galibi na'ura ce da aka gyara aka sabunta, garantinta kuma kwana 90 ne, ba shekara ba. Kamfanin bai ɓoye wannan ba. A kasuwanninmu ne ake yin shiru a kai.

Don haka kafin ka fitar da ko sisi, ka tambaya: wadda za a ba ni sabuwa ce fil, ko gyararriya? Wata nawa ne garantinta, kuma za a rubuta a rasit? Daga nan ka je ka ji kuɗin gyaran tsohuwar. Wayar da batir ko wurin caji kawai ya mutu ba ta kai a musanya ta ba, amma mai shago ba zai faɗa maka ba, domin ribarsa na cikin cikon. Idan kuwa cikon ya kusa kuɗin sabuwa, to sayen sabuwa mai cikakken garanti ya fi. Araha ba ta ado.

Masu Tecno, Infinix da itel su sani cewa Carlcare ce cibiyar gyaran kamfanin, manhajarta kuma na cikin wayar. Can ya kamata a fara tuntuɓa. Ga wanda garantinsa bai ƙare ba, kada ya yi gaggawar miƙa wa mai gyara na bakin tasha, don da zarar an buɗe wayar a waje, kamfani na iya cire hannunsa. Idan an ba ka wata a musaya, danna *#06#, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, za ta fito. Ka gwada ta da wadda ke jikin kwali. Tsohuwar kuma kada ta bar hannunka sai ka cire layi da katin ajiya, ka fita daga manhajar banki da WhatsApp, ka goge komai.

Sai kuma 'yan damfara, masu kira ko turo saƙo da sunan kamfani cewa an zaɓe ka za a sauya maka waya, ka tura kuɗin mota. Kada ka tura, kuma ka sani kamfani ba ya neman lambar sirrin katinka ko lambar da banki ya turo maka.

Doka ma tana bayanka. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da aka samu da aibu cikin wata 3, a gyara, a sauya, ko a mayar masa da kuɗinsa. Rubutun "ba a dawo da kaya" da ake yi a ƙasan rasit bai soke wannan haƙƙi ba. Amma da wuya a saurare ka ba tare da shaida ba, saboda haka duk abin da ka saya, waya ce ko sola, ka nemi rasit mai kwanan wata da lambar na'urar, ka adana shi tare da kwalin.