Ko Kun Sani? Jiki Yana Rushe Namansa Kullum

Ko kun san cewa jikin baligi yana rushe furotin kusan giram 250 zuwa 300 a kowace rana, alhali abin da yake ci bai kai rabin haka ba? Ƙwayoyin jiki suna liƙa wa furotin da ya tsufa ko ya lalace wata ƴar alama mai suna yubikwitin, sai a kai shi wata ƴar na'ura a cikin ƙwayar, ta daddatsa shi kamar injin niƙa. Yawancin sinadaran amino da suka fito ana sake gini da su. Binciken wannan tsari ne ya ba masana kimiyya Ciechanover da Hershko da Rose kyautar Nobel a 2004.

Sinadaran amino da suka yi rara ba su da rumbun ajiya. Hanta tana cire musu naitirojin, ta mai da shi yuriya, ƙoda ta fitar a fitsari.

Idan abinci ya yi ƙaranci, jiki yakan koma cin tsokarsa. Ramar yaro mai tamowa ke nan, hannu ya sirance, fatar cinya ta yi yaushi, abin da iyaye mata a garuruwan Agiye da Gazawa da Gidan Rumji suka gani da idonsu a yunwar 2005. Ko da an samu abinci, gero yana da ƙarancin wani sinadarin amino mai suna laisin, wake kuwa yana da shi sosai. Saboda haka kada a sayar da waken gona kakaf, a bar na ƙosai da ɗanwake domin yara.