Baƙin Lalle Ba Lalle Ba Ne

Mai karatu, a hutun da ya gabata na je gida Yelwan Yauri bikin 'yar yayata. Ana gobe kamu, ni da ƙanwata da ke aure a Wara, cikin ƙaramar hukumar Ngaski, muka shiga wani shagon gyaran gashi. Ni furfura ce ta fara yi mini sallama, ita kuwa so take ta fita kunyar dangin ango da za su zo daga Shanga. Mai shagon ta tarbe mu da fara'a, ta ce: "Hajiya, wanne za a yi muku, jan lalle, baƙin lalle, ko rinin kwali?"

Ƙanwata ta zaɓi baƙin lalle, bisa tunanin cewa duk abin da aka kira lalle na gida ne, ba ya cutarwa. Kafin kwana biyu fatar kanta ta feso da ƙuraje masu ruwa, goshi da fatar idanu suka kumbura. Ranar ɗaurin aure a asibiti ta wuni.

A matsayina na mai nazarin harshe, abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda suna ya yaudare ta. Ganyen lalle na ainihi launi ɗaya yake bayarwa, wato ja, ko ja mai duhu. Galibin abin da ake sayarwa da sunan baƙin lalle kuwa, an gauraya shi ne da wani sinadari da ake taƙaita sunansa da PPD, wanda ke baƙanta gashi cikin ɗan lokaci. A shekarar 2006 ƙungiyar likitocin Amurka masu nazarin borin fata ta ayyana shi a matsayin sinadarin shekara wajen haddasa wannan matsala, Tarayyar Turai kuma ta ƙayyade kada ya wuce kashi 2 cikin 100 a rinin gashi bayan an haɗa. Wani abin lura shi ne, jiki kan riƙe shi a karon farko, ya yi bori a karo na gaba. Ƙanwata ta sha yin ƙunshin baƙin lalle a hannu, a nan ne ta ɗauko.

Rina gashi ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. A 1826, tun kafin madatsar Kainji ta 1968 ta mayar da kogin tafki, Bature mai yawon bincike Hugh Clapperton ya sauka a Wawa ta ƙasar Bargu, ya kuma ba da labarin wata attajirar bazawara mai suna Zuma, wadda ya tarar gashinta a rine da shuni, hannuwa da ƙafafu sun sha lalle. Kakanninmu sun san ganyen lalle, sun san ganyen baba, sun san abin da ke cikin ƙwaryarsu. Mu jikokinsu sunan kawai muka riƙe.

Zaɓin da ke gaban mace a shago uku ne. Na farko, lalle zalla, wanda ke mayar da furfura ja. Idan aka bi shi da garin baba, gashin ya yi duhu, sai dai aikin na cin sa'o'i. Na biyu, rini mai kwanciya a bayan silin gashi, wanda ke dusashewa bayan 'yan wanke-wanke. Na uku, rini mai dawwama, wanda amoniya da ruwan haɗinsa ke buɗe silin domin launi ya shiga ciki. Shi ya fi rufe furfura, shi kuma ya fi yawan ɗauke da PPD.

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Kafin a taɓa kanki, ki nemi a nuna miki kwalin, ki duba lambar NAFDAC da ranar da zai lalace. Ki sa a shafa ɗan kaɗan a bayan kunnenki, ki jira sa'o'i 48. Idan wurin ya yi ƙaiƙayi ko ja, ki haƙura. Idan kin sa man rilaksa, ki bari a yi mako biyu kafin rini mai dawwama, don kada gashin ya kakkarye. Garin da aka ƙulla a leda ba suna ba rubutu kuwa, ki bar wa mai shi. Su ma masu shaguna ya kamata su riƙa sa safar hannu, su kuma kira kowane kaya da sunansa na gaskiya.

Ni dai jan lalle na zaɓa, na zauna har la'asar. Ɗalibaina sun ga jan gashi a bakin ɗankwali sun yi murmushi, ban kuwa damu ba. Ƙanwata ta warke, amma likita ya gargaɗe ta da ta guji wannan sinadari har iyakar rayuwarta. Allah Ya kiyaye na gaba.