KUKAN BIRKI BAYAN AN FITO DAGA GAREJI

Kwanan baya muka shiga motar wani abokinmu, malamin makaranta, za mu Kano daga Zariya. Bai daɗe da karɓo ta daga wajen gyara ba, an sa mata sababbin takalman birki, kuɗin da ya biya kuwa ya ci wani kaso mai tsoka na albashinsa. Ba mu kai Tashar Yari ba muka fara jin wani abu yana "ƙwas" daga ƙafar gaba ta dama duk sa'ad da ya taka birki. Muka ce ya tsaya, ya ce ai mai gyaran ya gaya masa, "Malam, sabon kaya ne, in ya zauna zai daina." Da muka matsa masa, aka sami wani dattijon makaniki ya cire tayar. Sai ga shi noti guda daga cikin biyun da ke riƙe da kalifa ya kwance, da yatsa ma ana juya shi. Da ya fita muna cikin gudu, Allah kaɗai Ya san inda za mu kwana.

Saboda haka muka ga ya kamata mu yi wa masu karatu bayani, musamman akawuna da malamai waɗanda suka yi tanadi shekara da shekaru kafin su mallaki mota, yadda za su rarrabe kukan da ba kome da kukan da ke kiran a tsaya.

Da farko a san yadda abin yake aiki. Birki iri biyu ne. Akwai mai ganga, watau dram, inda takalma biyu suke buɗewa daga ciki su goge bangonta. Akwai kuma mai faranti, inda kalifa take matse farantin ƙarfe tsakanin takalma biyu, kamar yadda mutum ke kama faifai da yatsu. Galibin ƙananan motoci masu faranti ne a gaba, a baya kuwa ko wannan ko wancan. Ƙara tsohon ciwo ne ga birki. Frederick Lanchester na Ingila, wanda ya yi rajistar birki mai faranti a 1902, da tagulla ya yi takalmansa, ƙarar da suke yi kuwa tana cikin abin da ya hana dabarar karɓuwa, sai da Citroën DS ta Faransa ta fito a 1955 sa'an nan ta fara yaɗuwa a motocin jama'a.

Tambaya ta farko da mai mota zai yi wa kansa ita ce, yaushe ƙarar take zuwa? In sai an taka birki, to laifin yana wajen takalma, faranti ko kalifa. In kuwa tana nan ko ba a taka ba, wani abu ne yake gugar wani.

Ƙara siririya mai kama da fito, wadda ake ji da safe bayan an kwana ana ruwa, ta ɓace bayan an taka sau uku ko huɗu, tsatsa ce kawai ta hau farantin. Amma in ta daɗe kwana da kwanaki bayan gyara, mai yiwuwa an yar da siraran ƙarafan da ake sawa a bayan takalma don kashe jijjiga, ko ba a shafa giris inda takalmin yake zamiya ba, ko kuwa kayan na jabu ne. Araha ba ta ado.

Gurzar ƙarfe da ƙarfe, mai kama da dutsen niƙa, wannan ba a tafiya da ita ko taƙi ɗaya. Ko dai takalmin ya cinye har ƙarfensa ya fito, watau an karɓi kuɗin sabo an bar tsoho, ko kuwa yaron gareji ya sa shi a juye, bayansa yana fuskantar faranti. Sabon takalmi kaurinsa kamar milimita 10 zuwa 12 ne, in ya koma 3 lokacin canji ya yi. A motoci da yawa ana iya hango shi ta ramukan wili.

"Ƙwas" ko "gwaf" sa'ad da aka taka, ko aka sauya daga gaba zuwa baya, alama ce wani abu yana lilo: notin kalifa, ko 'yan ƙarafan da ke hana takalmi motsi ba a mayar da su ba, ko notocin tayar kanta. Irin wannan ce ta so ta halaka mu.

Ƙarar shara-shara mai bin juyin taya ba tare da an taka birki ba, sau da yawa gwangwanin da ke kare faranti daga ƙura ne aka lanƙwasa wajen aiki, ko tsakuwa ta maƙale a tsakani. Gyaransa minti kaɗan ne. Gurnani kuwa mai ƙaruwa da gudu, mai sauya murya in an karya kwana, wannan boris ne, kada a bari a sake sayar wa mutum takalmin birki a kansa.

Ba kunne kaɗai ke bincike ba. In birki yana rawa a ƙarƙashin ƙafa, ko sitiyari yana karkarwa, faranti bai zauna daidai ba, domin ba a kankare tsatsar mazauninsa ba, ko an ɗaure notocin taya wani ya fi wani. In mota tana ja gefe guda, ko ana jin ƙauri, a tsaya a kusantar da hannu ga kowane wili, ba tare da an taɓa faranti ba. Wanda ya fi 'yan'uwansa zafi, kalifarsa ce ta cije. In kuwa ƙafa tana nutsewa kamar an taka soso, iska ce aka bari cikin bututun mai, ko man yana zuba. Wannan ya fi kowace ƙara haɗari ko da shiru yake, balle ga mai gangaro Hawan Kibo.

Man birki kansa abin lura ne. Yana shan ruwa daga iska. DOT 3 sabo ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, amma in ya sha ruwa yana iya tafasa a 140, shi ya sa masu ƙera motoci da yawa suke cewa a canza shi duk shekara biyu. Kada a yarda a zuba man inji a madadinsa, domin yana kumbura robobin ciki.

To, ina mafita? Mai mota ya koma garejin da wuri, da ladabi amma ba da kunya ba, ya nemi a cire taya a gabansa. Ya ce a nuna masa tsofaffin kayan da aka cire. Ya tabbata an canza takalman ƙafa biyu tare, hagu da dama, kuma giris bai taɓa fuskarsu ba. Kafin ya hau babban titi, ya taka birki sau da yawa yana tsaye har ya ji ya yi tauri, sa'an nan ya gwada a hankali inda babu jama'a. In mai gyaran ya ƙi buɗewa, yana ta cewa zai zauna, a nemi wani.

Ba mu ce duk makanikai haka suke ba. Dattijon nan da ya cece mu shi ma makaniki ne, kuma ya ƙi karɓar kome sai kuɗin goro. Abin da muke roƙon masu gareji shi ne su riƙa duba aikin yaransu kafin su miƙa makulli, domin gyaran gangar Auzinawa a kan birki rai yake ci, ba na mai mota kaɗai ba, har da na iyalinsa da na yaron da ke tsallaka titi. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya kiyaye mu, amin.