Ƙwayar Halitta: Gininta, Aikinta, da Abin da Take Bayyanawa Game da Amosanin Jini

Gabatarwa

Tun da aka fara neman takardar gwajin jini kafin ɗaurin aure, wasu haruffa suka shiga zaurukan malamai waɗanda a da ba a jin su sai a asibiti: AA, AS da SS. A Jihar Kano gwajin ya zama doka a shekarar 2024, a wasu wuraren kuma iyaye da limamai ne suka ɗora wa kansu. Sai ka ga liman riƙe da takarda, waliyyai suna dubansa, ana jiran ya ce wani abu game da haruffan da ba a taɓa bayyana masa asalinsu ba. Malaman usulu sun daɗe da kafa ƙa'idar cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an suranta shi yadda yake. Surar wannan mas'ala kuwa ba ta cikin jini kamar yadda ido yake ganin sa. Tana cikin ƙwayar halitta, wato mafi ƙanƙantar yanki na jiki da za a iya kira rayayye.

Kafin a ci gaba akwai buƙatar gyara lafazi. A kafofin yaɗa labarai na Hausa akan ce “ƙwayar halitta” ana nufin abubuwa biyu mabambanta: ɗakin da rai yake gudana a cikinsa, da kuma saƙon gado da ke ajiye a cikin ɗakin. A nan, ƙwayar halitta na nufin na farko, abin da Larabawa suke kira khaliyya. Na biyun za a kira shi jumlar gado, saboda dalilin da zai bayyana a gaba.

Yadda aka gano ta

A shekarar 1665 Robert Hooke, ɗan ƙasar Ingila, ya duba siririn yankin ɓawon bishiyar da ake toshe kwalba da shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya ga ƙananan ɗakuna jere kamar saƙar zuma. Abin da ya gani bangayen matattun ƙwayoyi ne kawai. Bayan shekaru kaɗan Antoni van Leeuwenhoek, mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, ya ga rayayyu suna motsi a ɗigon ruwa, ya kuma siffanta jajayen ƙwayoyin jini. Sai da aka yi kusan ƙarni biyu kafin Schleiden da Schwann, a 1838 da 1839, su tabbatar da cewa tsirrai da dabbobi duka da ƙwayoyi aka gina su. Daga baya Rudolf Virchow ya yaɗa ƙa'idar cewa kowace ƙwaya daga wata ƙwayar take fitowa. Likitocin farko, Musulmi da waninsu, ba su ga wannan ba, domin ba su da na'urar ganin sa, kuma babu aibi a faɗi hakan.

Jikin baligi yana ɗauke da ƙwayoyi kimanin tiriliyan 30, nau'o'insu sun kai kusan 200. Yawancinsu in aka jera 50 zuwa 100 ne za su cika milimita ɗaya.

Ginin ƙwaya

Kowace ƙwaya tana kewaye da tantani na maiƙo mai ruɓi biyu, siririn da sai an tara kusan 10,000 kafin a kai kaurin takarda. Wannan tantani ba katanga ba ce kurum. A jikinsa akwai ƙofofi da aka yi da furotin, kowace da abin da take shigarwa ko fitarwa, wasu ma suna kashe ƙarfi wajen tura gishiri waje dare da rana. Ɗaya daga cikin ƙofofin nan, a ƙwayoyin hanji, ba ta shigar da gishiri sai tare da sukari, ruwa kuma yana bin su. Wannan shi ne sirrin ruwan gishiri da sukari da ake ba mai amai da gudawa, maganin da ya ceci rayuka masu yawan gaske duk da araharsa.

A cikin tantanin akwai ruwa mai kauri, cike da ƙananan sassa. Daga ciki akwai mitokondiriya, inda ake ƙona sukari da iskar oksijin don samar da ƙarfin da ƙwaya take aiki da shi. Dalilin numfashi ke nan a haƙiƙa: huhu hanya ce kawai, mai buƙatar iskar yana can cikin ƙwaya, shi ya sa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suke fara mutuwa bayan 'yan mintoci in iskar ta yanke. Akwai kuma raibosom, masaƙar da ake harhaɗa furotin a kanta. Furotin kuwa shi ne ma'aikacin ƙwaya: shi ne ƙofa, shi ne mai narka abinci, shi ne mai ɗaukar iska. Sauran sassan, masu naɗe furotin da aika shi inda ake buƙata da masu rushe tarkace, za a iya wuce su a nan.

Sashen da ya fi shafar mas'alar shi ne cibiya. A cikinta aka ajiye sinadarin DNA, dogon zare da in aka warware na ƙwaya ɗaya zai kai kusan mita 2, an naɗe shi cikin ƙunshi 46 da ake kira kuromosom. Zaren rubutu ne da haruffa 4 kacal, waɗanda masana suke wakilta da A, T, G da C. Ana karanta su uku-uku, kowace kalma mai haruffa uku tana nuna ɗaya daga cikin tubala 20 da ake gina furotin da su, waɗanda ake kira amino asid. Jerin kalmomin da ke bayanin furotin guda shi ne jumlar gado, kuma mutum yana da irinsu kimanin 20,000. Asalin rubutun ba ya fita daga cibiya. Idan ana buƙatar wani furotin sai a kwafi jumlarsa, a kai kwafin ga raibosom, ya karanta ya jera tubalan bi da bi. Ƙwayar hanta da ta ido littafi ɗaya suke ɗauke da shi. Bambancinsu a babin da kowace take buɗewa ne.

Idan ƙwaya za ta rabu biyu, sai ta kwafe rubutun gaba ɗaya, kowace 'ya ta tafi da ƙunshi 46. Ƙwayar maniyyi da ƙwan mace ne kaɗai suka saɓa: kowanne 23 yake ɗauka, domin in sun haɗu adadin ya cika. Saboda haka kowane mutum yana da kwafi biyu na kusan kowace jumla, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Yana da kyau a ambata a nan cewa ƙwan mace kullum kuromosom X yake ɗauke da shi, ƙwayar maniyyi ce take zuwa da X ko Y. Don haka mai tsangwamar matarsa a kan haihuwar 'ya'ya mata ya ɗora laifi inda ko sababin zahiri babu.

Jar ƙwayar jini

Babu ƙwayar da ta fi jar ƙwayar jini yawa a jiki. Fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙwayoyin mutum su ne. A cikin ɓargo ake yin su, kimanin miliyan 2 a kowace daƙiƙa. Abin mamaki game da ita shi ne kafin ta shiga jini takan zubar da cibiyarta da mitokondiriyarta, ta zama jaka zalla cike da furotin guda, himogulobin, kusan miliyan 270 a kowace ƙwaya. Shi ne yake kama oksijin a huhu ya sake shi a gaɓoɓi. Siffarta kamar faifai ce mai loɓawa a tsakiya ta fuska biyu, faɗinta bai wuce kashi 8 cikin 1,000 na milimita ba, tana kuma da laushin da take lanƙwashewa ta ratsa hanyoyin jinin da suka fi ta ƙunci. Da yake ba ta da cibiya ba ta iya gyara kanta. Bayan kwana kimanin 120 sai saifa da hanta su janye ta.

Himogulobin na baligi sarƙoƙi huɗu ne, biyu ana kiran su alfa, biyu beta. Jumlar da ke bayanin sarƙar beta tana kan kuromosom na 11, sarƙar kuma tubala 146 ce. A mai amosanin jini, wanda aka fi sani da sikila, kalmar tubali na 6 ta sauya daga GAG zuwa GTG. Harafi ɗaya ne cikin haruffa kimanin biliyan 3. Ɗaliban hadisi sun san tas'hifi, inda ɗigo guda da magatakarda ya gusar yake juya ma'anar kalma, kuma duk wanda ya kwafa daga gare shi ya gaji kuskuren. Haka abin yake a nan, sai dai kwafin yana tafiya ne daga iyaye zuwa 'ya'ya.

Tubalin da aka musanya yana son ruwa, wanda ya maye gurbinsa kuwa yana gudun sa. Muddin himogulobin ɗin yana riƙe da oksijin babu matsala sosai. Da zarar ya sauke, sai wuraren nan masu gudun ruwa su manne wa juna, su zama dogayen sanduna a cikin ƙwayar, su miƙar da ita ta koma kamar lauje, ta ƙage. Ƙagaggiyar ƙwaya ba ta ratsa ƙuntatacciyar hanya. Takan toshe ta, naman da ke gaba ya rasa iska, daga nan ciwon ƙashi mai tsanani yake tasowa, haka nan lalacewar saifa, da shanyewar ɓarin jiki ga wasu yara. Kuma maimakon kwana 120, kwana 10 zuwa 20 take yi ta fashe, ɓargo ya kasa cike giɓin, sai ƙarancin jini da rawayar ido. Sanyin hunturu, zazzaɓi da ƙishirwa duk suna tayar da ciwon, wanda ya sa tambayar azumin mai sikila take buƙatar jin ta bakin likitansa kafin a amsa ta.

Likita James Herrick ne ya fara siffanta waɗannan ƙwayoyi a rubuce a Chicago a 1910. Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna a 1949 cewa aibin yana cikin himogulobin, Vernon Ingram kuma ya gano tubalin da ya sauya a 1957.

Ma'anar haruffan takarda

Harafin A a takardar gwaji yana nufin kwafin jumlar beta da ba ta sauya ba, S kuma wadda ta sauya. Mai AS yana da kwafi ɗaya na kowace, kuma lafiyayyen himogulobin ya rinjaya a ƙwayoyinsa, don haka galibi yana rayuwa ba tare da sanin yana ɗauke da komai ba. Akwai kuma wani sauyin da ake kira C, wanda ya fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso; in ya haɗu da S shi ma yana haifar da cuta. Wannan gwaji daban yake da na rukunin jini, wato A, B, AB da O, wanda ya shafi alamomin da ke kan tantanin ƙwaya. Mutane da yawa suna cakuɗa su biyun.

Idan miji da mata duka AS ne, kowannensu zai iya ba da A ko S, don haka a kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi SS, 2 cikin 4 AS, 1 cikin 4 AA. Kuskuren da ya yaɗu shi ne zaton cewa in an haifi mai sikila ɗaya to ukun da ke biye sun tsira. Kowane ciki lissafinsa sabo ne. Ta wannan lissafi, irin waɗannan ma'aurata in suka haifi 'ya'ya 4, yiwuwar a ce babu SS ko ɗaya a cikinsu kashi 32 ne kawai cikin 100. In 6 ne, kashi 18. Kuma yaro ba ya zama SS sai ya karɓi S daga uba da uwa baki ɗaya, saboda haka dangin mijin da ke cewa daga gidan matar aka kwaso ciwon sun faɗi rabin magana. Auren zumunci ba ya ƙirƙirar sauyin, amma yana ƙara yiwuwar masu ɗauke da shi su haɗu.

A Nijeriya kusan mutum 1 cikin 4 yana ɗauke da S, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kimanin 150,000 masu cutar a ƙasar kowace shekara. Dalilin wannan yawa shi ma a cikin ƙwaya yake. Ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro a cikin jar ƙwayar jini take hayayyafa, kuma ba ta jin daɗin zama a ta mai AS. Anthony Allison ya nuna a 1954, daga bincikensa a Gabashin Afirka, cewa masu AS sun fi samun kariya daga zazzaɓin. A ƙasar da sauro yake kashe yara, masu AS sun fi kai wa girma su haihu, sai sauyin ya yaɗu. Mai SS ba shi da wannan garkuwa. Zazzaɓin ma haɗari ne babba gare shi.

Jariri mai SS yakan yi watannin farko lafiya lau, domin yana amfani da wani himogulobin na tayi wanda babu sarƙar beta a cikinsa; sai wajen wata 6, da wancan ya ja baya, alamu suke bayyana. Maganin haidiroksiyuriya yana aiki ne ta hanyar sa ɓargo ya ci gaba da yin wannan himogulobin na tayi. Dashen ɓargo kuwa yana iya warkar da cutar, domin ana musanya ƙwayoyin da ke haifar jini da na wani mai lafiya. Sai dai dashen bai taɓa ƙwayar maniyyi ko ƙwan mace ba. Wanda aka yi wa dashe jininsa zai nuna haruffan wanda ya ba shi ɓargo, AA ko AS, alhali abin da zai gadar wa kowane ɗa nasa S ne. Haka nan wanda aka yi wa ƙarin jini cikin watanni 3 kafin gwaji, takardarsa za ta iya nuna jinin wani tare da nasa, don haka ake tambayar wannan kafin a karɓi sakamakon.